Neman Wa Ɗanlami Makwanci a Japan

Duk wanda ya ji na taɓa zama a Japan, abin da yake fara tambayata shi ne jirgin ƙasan nan mai gudu kamar harsashi, da gidaje masu taɓa sama. Ni kuwa Japan ɗin da na sani wani yadi ne na farfasa tsofaffin motoci a tsakiyar gonakin shinkafa, an kewaye shi da langa-langa mai tsawon da ba ka hango komai sai sararin sama. A nan muka sauka ni da Ɗanlami, a nan kuma muka gane cewa da ƙafarmu muka kai kanmu.

Ɗanlami ɗan gwaggona ne, taubashina. Gida ɗaya muka tashi a Mandawari, rumfa ɗaya muke aiki a Ƙofar Ruwa, shi yana gyaran giya ni ina inji. Wanda ya kai mu wani ne da ake kira Alhaji Sale, mai shigo da injinan gwanjo a kwantena. Ya ce mana yana neman masu ido, waɗanda za su riƙa zaɓar masa inji mai lafiya a wurin gwanjo, mu yi 'yan watanni mu dawo da jarinmu. A filin jirgi ya karɓi fasfunanmu ya ce zai adana mana. Daga ranar ban sake ganin nawa ba.

Babu wani gwanjo. Aikin shi ne a kawo mota a kan babbar mota, mu kwance ta har ƙashinta, mu jera injin da ƙofofi da fitilu a kwantena. A wata kwantenar muke kwana, an yanke mata taga. Mai yadin ba ya yi mana magana sai da hannu. Da bizarmu ta ƙare Alhaji ya ce ana kan sabuntawa. Da muka matsa masa sai ya sauya murya, ya ce duk wanda ya leƙa waje 'yan sanda za su ɗauke shi, kuma shi babu ruwansa.

Shinkafa da ƙwai da kifin gwangwani muka rayu a kai, don muna tsoron duk naman da ba mu san asalinsa ba. Amma ba abincin ne ya fi damuna ba. Shirun ne. A Mandawari kafin ladan ɗaya ya sauke, wani ya ɗauka, ga mai koko, ga masu kura, ga yara suna tsere a lungu. A can kuwa gari zai waye ya faɗi ba ka ji an ambaci Allah ba sai a bakinka. Ɗanlami ne ya riƙa yi mana kiran salla a hankali a bakin kwantena. Shi ne kuma mai ba ni dariya. Duk motar da aka kawo sai ya sa mata sunan wani a unguwarmu. In ta zo da faɗi ya ce ga Hajiya mai waina ta iso, a ba ta wuri. In na yi shiru da yawa ya ce, "Kai bawana, wa ya ba ka izinin tunani a gaban ubangidanka?" Wasan taubasai ne, tun muna yara muke yi.

Mutum ɗaya ne a yadin ya ɗauke mu mutane, wani direba ɗan Sirilanka mai suna Nimal. Ba Musulmi ba ne. Yana da takardu saboda ya auri 'yar ƙasar, yana jin yarensu, yana kuma ɗan jin Turanci irin nawa, na kanikawa. Shi yake kawo mana barkono a ƙullin leda idan ya ga shinkafar ta gagare mu.

Sai zafi ya shigo. Na ɗauka wanda ya yi azumi a bazarar Kano ya gama ganin zafi, ashe da sauransa. Nasu ba ya busar da mutum, dafa shi yake yi, kamar an kife ka a madambaci. Gyare yana ta kuka a bishiyoyi tun safe har kanka ya riƙa sarawa. Ranar da abin ya faru an tura ni da Nimal wani yadin mu yi lodi. Muka dawo bayan la'asar na tarar da safar hannun Ɗanlami a ƙasa kusa da wata mota da ya fara kwancewa, sifanarsa tana maƙale a jikin kusoshi. Mai yadin ya gaya wa Nimal cewa Ɗanlami ya yanke jiki ya faɗi, motar asibiti ta ɗauke shi. Mai yadin ya kuma gaya wa masu motar asibitin cewa bai san shi ba, wai wucewa ya zo yi.

Washegari Nimal ya je asibitin ya dawo. Tun daga yadda ya cire hularsa a bakin ƙofa na gane. Na yi ta maimaita innalillahi har bakina ya bushe. Da na ɗan natsu na tambaye shi yaushe za a ba ni shi in yi masa sutura, sai ya kasa kallona. Ya ce a ƙasar nan ba a binne mutane, ƙone su ake yi, babba da yaro, mai kuɗi da talaka. Ya ce gawar da ba a san mai ita ba hukumar gari ce take ajiye ta na ɗan lokaci, in ba wanda ya zo sai ta ƙone. An gaya masa ranar Juma'a da safe za a yi.

Na kira gida. Yayana ya kai wa Gwaggo wayar har ɗakinta. Na yi niyyar ɓoye mata zancen wutar, amma da na ji muryarta sai komai ya zubo. Ba ta yi kuka ba. Ɗanlami ɗanta ne na fari, ba ta taɓa kama sunansa ba, ranar ma ba ta kama ba.

Ta ce, "Rabi'u, ban ce ka dawo min da ɗan'uwanka ba, na san ba ka da hali. Abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka bari wuta ta taɓa shi. Ka sa shi a ƙasa, ko a ina ne."

Na ce, "In Allah ya yarda, Gwaggo." Na faɗa ne ban san ko hanyar bakin titi ba.

Alhaji Sale ya zo daga Tokyo da yamma. Na durƙusa na roƙe shi ya ba ni fasfon Ɗanlami in kai, a san ko wane ne. Ya ce in yi wa kaina faɗa. In na je na ce ɗan'uwana ne, ni za a kama, a kama shi, a rufe yadin, mutane da yawa su rasa abinci saboda wanda ya riga ya tafi. Sannan ya ce, "Gawa ba ta jin zafin wuta, Rabi'u." Mutumin da muka yi sahu ɗaya da shi a masallacin unguwa. Da zai tafi ya cire na'urar da muke samun intanet da ita ya sa a motarsa, don kada in sake kiran kowa.

Na kwana ina saƙawa ina kwancewa. Abin da hankalina ya ba ni shi ne, ƙasa mai girman wannan ba za a rasa maƙabarta ɗaya da ake haƙa rami ba. In na same ta, na roƙi mai kula da ita ya yarda, sai in je in ce a ba ni gawar, ga inda zan kai ta. Nimal ya ce shi bai taɓa jin irin wannan wurin ba, kuma ba zai iya bina ba, yana da mata da aiki. Amma ya ba ni katinsa na shiga jirgin ƙasa, ya cire hularsa ya ɗora min. Ya koya min kalmarsu ta kabari. Wai "haka". Na ce ya maimaita, ya maimaita. Na ce a raina, ko ba komai wannan ba zan manta ta ba, haƙa nake nema.

Ranar Laraba da sassafe na fita daga yadin, karo na farko ni kaɗai. Duk motar da ta taho sai in ji kamar tawa ce ta zo. Na yi ta tafiya a gefen gonaki har na shiga gari. Wanda na tara in ce masa "haka", sai ya nuna min hanya cikin ladabi ya yi sauri ya wuce. Maƙabartar farko a bayan wani ɗakin ibadarsu take. Ashe makon ziyarar matattu ne a wurinsu, iyalai sun cika wurin suna wanke duwatsu suna ajiye furanni. Duwatsun a matse suke kamar rumfunan Kurmi, ko yaro ba zai miƙe a tsakaninsu ba. Na sami wani mai aski ƙwal da doguwar riga, na yi masa alamar haƙa da hannu, na nuna tsawon mutum. Ya kai ni gaban wani dutse ya nuna min wata 'yar ƙofa a gindinsa, inda ake zura tulun toka. Na girgiza kai, na sake nuna ƙasa. Sai ya gicciya hannayensa a ƙirji, alamar babu. Wannan alamar na gan ta a maƙabarta ta biyu, na gan ta a ta uku, har na daina ƙirgawa. Ba wanda ya daka min tsawa, ba wanda ya kore ni. Da ma sun yi, da na sami wanda zan ji haushi.

A ƙarƙashin wata gada na kwana. Ranar Alhamis ƙafafuna sun kumbura, ruwan famfon tasha kawai ne a cikina. Na tunkari wani ma'aikacin tashar jirgin ƙasa, dattijo mai farar safar hannu. Na ce "haka", ya fara nuna min inda na riga na je. Ban san lokacin da na kwanta a ƙasa a gabansa ba, a kan tayil, mutane suna ratse ni. Na miƙe kamar gawa, na riƙa yin alamar ana tara min ƙasa a kai, na yi alamar wuta na girgiza kai. Ya daɗe yana kallona. Can fuskarsa ta washe, ya ce, "Kofun." Ya zana min wani abu mai kama da ramin makulli a 'yar takarda, ya nuna min jirgin da zan hau da inda zan sauka, har ya raka ni bakin ƙofarsa.

A cikin jirgin nan na yi wa Allah godiya har da hawaye. Na fara tsara yadda zan yi. Na ce in babu likkafani zan yanka farar shaddar da Ɗanlami ya zo da ita don sallar idi.

Da na sauka na bi alamar ramin makullin a jikin allunan hanya har ta kai ni wani fili mai faɗi, shar da ciyawa. A tsakiyarsa ga wani tudu, bai kai Dala ba amma ya tuna min da shi, sai dai wannan an gyara shi sumul, gefe ɗaya a zagaye gefe ɗaya mai kusurwa. Kududdufi ya kewaye shi, bado ya rufe ruwan. Daga nesa na hango wasu ƙananan tuddan. Na ce lalle nan ne, ga ƙasa an tara, kuma ga fili har ya yi yawa.

Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne mutum-mutumin yumɓu da aka jera a kafaɗar tudun. Dawakai da sirdi, 'yan gidaje, mata riƙe da kwanuka, mayaƙa, duk idanunsu ramuka ne, iska tana wucewa ta ciki. Na yi a'uziyya, sannan na ce ƙasa dai ta Allah ce duk abin da aka jera a kanta. Sai kuma na lura da mutanen wurin. Wani yana gudun motsa jiki, wasu mata da lema suna ɗaukar hoto, wani ya shimfiɗa tabarma yana cin abinci. Ba mai alamar makoki. Na ƙi yarda da abin da idona yake gaya min.

A gefen tudun akwai wata ƙofa ta dutse, sai ka sunkuya za ka shiga. Na shiga. Sanyi ya buge ni, irin na cikin tsohon soro. Ɗaki ne da aka gina da manyan duwatsu, a ƙarshensa ga wani akwatin dutse a bayan gilashi, babu komai a ciki. Na tsaya ina auna shi da ido, har ina lissafin ina alƙibla take. Na fito na hau matakala zuwa saman tudun ko zan hango sababbin kaburbura ta baya. Gonaki na gani, da rufin gidaje, da layin dogo.

A gindin matakalar na haɗu da ita. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, da malafa mai faɗi da riga mai ruwan ɗorawa irin ta masu yi wa baƙi bayani. Ta gaishe ni da Turanci, ta ce da can malamar makaranta ce, yanzu tana zuwa nan ne don kada zaman gida ya kashe ta. Ta faɗi sunanta, Saciko, amma ni Inna na kira ta, har yau kuma haka nake kiranta.

Na ce mata ina neman mai kula da wurin, ina son wurin mutum ɗaya. Ta ce ai shiga kyauta ne. Na ce ba ni ba, ɗan'uwana, ya mutu, gobe za a ƙone shi, mu kuma ba a ƙone mu. Na ce ba na son kusa da tudun, ko can ƙarshen fili a gindin bishiya ya isa, ni zan haƙa da kaina, ba zan ɓata musu ciyawa ba.

Ta dubi inda nake nunawa. Sannan ta ce, "Ɗana, nan ba a binne kowa. Wurin tarihi ne. Mutum ɗaya aka yi wa wannan tudun, kuma ya fi shekara dubu da mutuwa."

Na ce, "Duk wannan? Mutum ɗaya?"

Ta ce e, wani mai mulki ne na zamanin da.

Na ce, "Wane ne shi?"

Ta ce ba wanda ya san sunansa.

Na dubi tudun nan, ƙasar da dubban mutane suka yi ta ɗauka a ka suna tarawa saboda wanda ko sunansa bai saura ba. Ga Ɗanlami mai suna, mai uwa, mai mata da 'ya'ya mata biyu, ya rasa kamu huɗu. Na durƙusa na fara tona ƙasa da yatsuna, da farko don in nuna mata abin da nake nufi, in ce kin gani, wannan kawai. Amma sai na kasa dainawa. Ina tonawa ina kiran sunansa, farcena ya fashe ban ji ba. Wani mai gadi ya taho da sauri yana magana a rediyonsa. Na san in ya iso tawa ta ƙare, ta Ɗanlami ma ta ƙare. Inna ta tare shi, ta faɗa masa wata magana gajeriya da muryar malaman makaranta. Ya tsaya, ya rusuna, ya koma.

Ta zaunar da ni a inuwa, ta zuba min wani shayi mai sanyi daga gorarta, ta ba ni dunƙulen shinkafa da ta kawo don kanta. Ta jira sai da na cinye. Sannan ta ce tana yarinya, a ƙauyensu, da kakarta ta mutu ba a ƙone ta ba. An sa ta a wani abu kamar ganga, a zaune, maza suka ɗauka zuwa bayan gari, ita ma ta watsa ƙasa da hannunta. Ta ce mutanen yanzu sun manta an taɓa yin haka. Ta ce ita ba ta san inda ake binne Musulmi ba, amma mijinta yana kwance a gidan kula da tsofaffi, kuma wadda take ba shi abinci a baki wata yarinya ce 'yar Indunusiya mai ɗaura ɗankwali har wuya, wadda ba ta cin komai da rana wata guda a shekara.

Ta kira ta. Suka yi magana da yarensu, sannan ta miƙo min wayar. Muryar mace ta ce, "Assalamu alaikum." Rabon da in ji sallama daga bakin wani ba Ɗanlami ba, na manta. Sai da ta sake yi sannan na amsa.

Yarinyar ce ta haɗa mu da wani ɗan Pakistan, Haji Bashir, dillalin motoci, wanda shi yake tsayawa a kan jana'izar Musulmin yankin. Bai ɓata lokaci ba. Ya ce akwai maƙabartar Musulmi, tana da nisa, cikin duwatsu, kuma kada in damu da abin da za a kashe, jama'a za su haɗa. Amma hukuma ba za ta ba da gawar da ba ta da suna ba. Dole wani nasa ya je da kansa ya ce wannan wane ne, ɗan wane. Ya tambaye ni ko ina da takardu. Na ce babu.

Ya ce, "To ɗan'uwa, ka san abin da zai biyo baya. In ka shiga ofishin nan, zamanka a ƙasar nan ya ƙare. Ba zan ce ka je ba, ba zan ce kada ka je ba."

Na tuna rumfarmu da muka sayar, da matata da take jiran in aiko, da yadda zan shiga Mandawari hannu rabbana. Ba zan ce ban tuna ba. Amma duk wannan bai kai tsawon numfashi biyu ba. Na ce masa ya same ni a can.

Inna ta dubi agogonta ta ce an kusa tashi daga aiki. Ta cire rigar aikinta, ta sa ni a wata 'yar motarta da gwiwoyina suke taɓa gaba, ta riƙa tuƙi tana leƙe ta saman sitiyari. A hanya ta tsaya ta kira ofishin ta ce kada su rufe, ga ɗan'uwan mamacin nan tafe. Mun isa ana sauke labule. Na tsaya a gaban wani ma'aikaci, hannuna duk ƙasa da jini, na faɗi cikakken sunan Ɗanlami da na mahaifinsa da unguwarmu. Inna tana fassarawa. Ma'aikacin ya ɗaga waya ya yi magana, ya ajiye, ya ce an dakatar da ƙonawar.

'Yan sanda suka zo, kamar yadda aka ce. Sun yi min tambayoyi masu yawa a kan yadin da Alhaji Sale, na gaya musu abin da na sani. Na roƙe su abu ɗaya, su bar ni in binne ɗan'uwana, bayan nan su yi yadda suka ga dama da ni. Haji Bashir ya tsaya min, Inna ma ta sa baki ta daɗe tana magana. Suka yarda.

Sai da aka ƙara kwanaki kafin a gama bincike a ba mu shi. Ni na yi masa wanka, Haji Bashir yana zuba min ruwa. Sanyin firji ya sa jikinsa ya yi tauri, amma fuskarsa tana nan yadda na san ta, kamar zai buɗe ido ya ce min bawana. Muka ɗauki hanya mai nisa, muna ta hawa, har muka isa wani gangare tsakanin dogayen bishiyoyi. A nan na ga kaburbura irin namu, a jere, duk sun fuskanci waje ɗaya. Mutanen da suka zo ban san ko ɗaya ba. 'Yan Pakistan, 'yan Indunusiya, 'yan Bangaladash, wani Baturke, wani ɗan Senegal da ya bar aikinsa ya biyo mu don ya ji an ce baƙar fata ne. Suka yi sahu aka sallace shi. Na shiga ramin na karɓe shi, na kwantar da shi a kan damansa, na kwance ƙullin. Ƙasar wurin baƙa ce, mai danshi, tana ƙamshin ganye.

Da na fito na hango Inna can bakin ƙofa, cikin baƙaƙen kaya, riƙe da lema. Jirgin ƙasa ta biyo ita kaɗai. An gaya mata mata ba sa matsowa, ba ta matso ba. Da muka haɗa ido ta rusuna, ta daɗe a haka. Ni ban san yadda ake yi wa irinta godiya ba. Na ce mata Allah ya saka da alheri, da Hausa, ta gyaɗa kai kamar ta ji.

Washegari na kai kaina wurin 'yan sanda. Na yi 'yan makonni a tsare kafin a samo min takardar tafiya a sa ni a jirgi. Alhaji Sale kuwa tun ranar da 'yan sanda suka je yadin ba a sake jin ɗuriyarsa ba, har yau bai tako Kano ba. Nimal ya aiko min da jakar Ɗanlami, ita kaɗai na shigo da ita gida.

Na sauka ana yayyafi. Tun daga bakin lungu mutane suke min gaisuwa biyu, ta dawowa da ta rashi, wasu kuma suna kallon hannuna su ga me na riƙo. Ban tsaya ɗakina ba, na wuce wurin Gwaggo. Tana zaune a kan buzunta, ta rame, carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe ta. Ta tambaye ni hanya, ta tambaye ni ko na ci abinci. Sai da aka watse ta ce in gaya mata komai, kada in rage.

Na gaya mata yadin, da gadar, da tudun mutum ɗaya, da tsohuwar da ba ta salla amma ta tsaya min. Ta tambaye ni wa ya yi masa wanka, na ce ni. Wa ya sa shi a ciki, na ce ni. Ta tambayi yadda ƙasar wurin take, na ce baƙa ce mai laushi, ba dutse, ba ta ba mu wahala ba ko kaɗan, kamar jira take.

Ta ci gaba da jan carbinta. Can ta ce, "Ashe daga can aka ɗebo ƙasarsa. Ni ina ta goyonsa a Mandawari, ban san baƙo nake goyo ba."

Sai a lokacin ta ja mayafinta ta rufe fuska.